Na biya Facebook kuɗin talla, ban ga ciniki ba: in ci gaba ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da turaren wuta da humra daga gida a Kano. Watan jiya na danna maɓallin Boost, na tura talla da kuɗi, a Instagram, na biya naira 15,000 na kwana biyar. Mutum sama da dubu suka danna alamar so, amma kwalba biyu kacal na sayar. Maigidana ya ce kuɗi na zuba a rijiya. In ci gaba ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki haƙura tukuna, amma kada ki ƙara ko kwabo sai kin gyara abin da zan faɗa miki.

Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, abin da kika roƙa shi yake kawo miki. Lokacin da kika danna maɓallin, an tambaye ki me kike so tallan ya jawo. Idan kika zaɓi a ziyarci shafinki, ko kika bar zaɓin yadda kika same shi, na'urarsu za ta nemo masu yawan leƙe-leƙe da danne-danne, su kuwa 'yan kallo ne. Ke mai saye kike nema, don haka ki zaɓi saƙo, ki haɗa tallan da lambarki ta WhatsApp Business, duk wadda ta danna ta faɗo kai tsaye wurinki.

Sai maganar wuri. Na fi zaton Najeriya gaba ɗaya kika bari. Matar da ke Fatakwal ta ga humrarki ta yaba, amma in ta lissafa kuɗin mota sai ta fasa. Ki taƙaita shi a Kano da kewaye, mata kawai, masu shekarun da kika san su ne ke sayen kayanki. In ciniki ya kankama, kya ƙara Kaduna ko Katsina.

Abin da ya fi damuna da masu sana'a irin taki shi ne ɓoye farashi. Hoto mai kyau, a ƙasa an rubuta a zo ta saƙo a ji kuɗi. Haba! Ƙamshi ba ya ratsa waya, mace ba ta shinshina ba, kuma kin hana ta sanin kuɗin, da me za ta yanke shawara? Ki ɗauki gajeren bidiyo da rana: garwashi a kasko, ki barbaɗa turaren, hayaƙi na tashi, ki riƙe kwalbar a hannu a ga girmanta, ki faɗi sunansa da kuɗinsa da unguwannin da kike kaiwa. Ki ɗora shi kyauta tukuna, kada ki biya wa sabon abu talla. Ki duba cikin abubuwan da kika riga kika ɗora, wanda mutane suka fi tambayar "nawa ne?" a ƙarƙashinsa ba tare da kin biya komai ba, shi za ki tura.

Yanzu lissafi. A ce ribarki a kwalba naira 2,000 ce. Kafin 15,000 ta dawo sai kin sayar da kwalba 8, biyu kuwa kika sayar, don haka a wannan karon maigida ya yi gaskiya. Sai dai turare abin ƙarewa ne. Idan ɗaya cikin matan nan biyu ta dawo bayan wata biyu, ko ta kawo miki haɗin amarya, lissafin ya canza. Shi ya sa nake so ki ware littafi, duk wadda ta saya ki tambaye ta a ina ta gan ki, ki rubuta. Ki sake gwadawa da kuɗin da ba zai taɓa jarinki ba, na mako guda, a lokacin da wayarki ke hannunki. Saƙon da ya kwana ba amsa, mai shi ta riga ta saya a wani wuri. Ki kuma sani gwanjo ake yi a kan gurbin talla, saboda haka gab da Sallah, lokacin da kowa ke turawa, kuɗinki ba zai kai inda ya saba kaiwa ba.

Tambaya: Malam, ina da shagon shadda da atamfa. Ni da abokina muka sa talla da adadi ɗaya, amma an cire mini fiye da shi. Ni iPhone nake riƙewa. Cuta ce?

Amsa: Ɗan'uwa, wayar ce ta ja maka. Tun 2024 kamfanin Apple, mai ƙera iPhone, ke karɓar kashi 30 cikin ɗari a kan tallan da aka biya ta cikin manhajar Facebook ko Instagram ta iPhone. Ka buɗe facebook.com ko instagram.com a burauzar wayar ko a kwamfuta ka biya daga can, wannan ƙarin ba zai hau kanka ba. Harajin VAT na kashi 7.5 kuwa, da Meta ta fara ɗorawa a tallan Najeriya tun Janairun 2022, ku biyun duk kuna biyansa, sai ka sa shi cikin lissafinka.

Tambaya: Wani yaro ya ce in ba shi naira 10,000 da lambar sirrin shafina, zai kawo mini mabiya dubu goma. Ya fi Boost araha. Ya kuka gani?

Amsa: Hajiya, kada ki ba shi. Irin waɗannan mabiyan yawancinsu shafukan bogi ne, ba za su sayi ko ɗankwali ba, kuma Meta na share su in ta gano. Lambar sirri kuwa mabuɗin shagonki ce. In ya canza ta, zai iya karɓar kuɗin kwastomominki da sunanki, ke za a zo nema. In har kin riga kin ba shi, ki canza ta yau, ki kunna tsaro mai mataki biyu, wanda ke neman ƙarin lamba bayan lambar sirri kafin a shiga, sannan ki duba jerin na'urorin da suka shiga shafin ki fitar da duk wadda ba taki ba.