Karen da 'yan sandan Mumbai suka binne da furanni

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Dan Allah wani hoto na gani yana yawo a Facebook, wani babban ɗan sanda a Indiya ya sunkuya yana ɗora furanni a kan gawar kare, sauran 'yan sanda sun zagaye sun yi jugum kamar an yi musu mutuwar oga. Wai da gaske ne ko haɗi aka yi da kwamfuta? In kuma gaske ne, me kare ya yi da za a masa haka?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. In dai hoton da nake zato ne to ba haɗi ba ne, tsohon hoto ne tun shekarar 2000, kuma karen sunansa Zanjeer. Eh, sunan fim ɗin Amitabh Bachchan na 1973 aka sa masa, amma wasu Ginger suke ce masa saboda launin gashinsa.

Kare ne jinsin Labrador da ke aiki da sashen kwance bama-bamai na 'yan sandan Mumbai, lokacin ma ana ce wa garin Bombay. Ya fara aiki a ƙarshen 1992 yana da shekara ɗaya ma bai cika ba, ko wata uku bai yi ba sai ga tashin bama-bamai na ranar 12 ga Maris 1993, inda mutum 257 suka rasu a yini ɗaya. To ka san bayan irin wannan abu gari kowa a tsorace yake, duk jakar da aka yar, duk babur ɗin da aka ajiye ba mai shi sai a ce bam ne, kuma wani ɗin bam ɗin ne da gaske. A 'yan kwanakin nan ne Zanjeer ya yi musu rana, shi ya shinshino bam ɗin da aka dasa a jikin wani babur a titin Dhanji, ga kuma makamai da gurneti da ya riƙa ganowa a wurare daban daban. Lissafin da aka bayar na duk aikinsa ya haura kilo 3,000 na sinadarin bam da ake kira RDX, ban da gurneti sama da 200 da harsasai dubbai.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda irin waɗannan karnuka ke aiki. Yawanci karen bam ba a koya masa haushi ko tono da ƙafa in ya ji ƙanshin abin, don kuskure ɗaya kowa ya tafi. Zama kawai zai yi a gefen kayan, ya tsaya cak yana kallon mai kula da shi, shi kuma ya gane. Shi karen a ransa wasa yake, yana jiran a ba shi tukuici ne, bai san cewa shi ke gaba ba mutane na bayansa. Mai riƙe da igiyar ne ya sani, kullum tare suke fita tare suke dawowa shekara da shekaru, to in ka ga irinsa ya yi jugum a wajen binnewa ni dai ban ga laifinsa ba.

Ciwon daji na ƙashi ne ya kashe Zanjeer ranar 16 ga Nuwamba 2000, yana ɗan shekara 8, kuma rundunar ta binne shi da karramawa irin wadda ake wa jami'i.

Ba Indiya kaɗai ba ce. A Faransa an yi wata karyar 'yan sanda mai suna Diesel da ta mutu a samamen da suka kai a Saint-Denis, kusa da Paris, ranar 18 ga Nuwamba 2015, kwana biyar bayan harin Paris, har ƙasar Rasha ta aika wa Faransa kyautar ɗan kwikwiyo mai suna Dobrynya a madadinta.