Amsa ga Kawu a Daura kan gidajen bakin tasha

Kawu, ina gaisuwa, a gaida su Inna. Kun tambaya me ya sa mu Hausawan Landan muke rububin gidajen da ke manne da tashar jirgin ƙasa, alhali a gida magidanci ba ya son ƙofarsa ta kalli tasha. Da gaskiyarku, can tasha ta 'yan kamasho ce da hayaƙi. Nan kuwa da an ce ga gida, abin da za mu fara tambaya shi ne minti nawa ne a ƙafa zuwa tasha. Da yawanmu ba mu da mota, kuma mai fita aikin asibiti da asuba cikin hunturu ya san darajar wannan kusancin.

Hukumar sufuri ta birnin, TfL, tana da filaye birjik a gefen tashoshinta, amma kuɗin gini ya fi ƙarfinta. Sai ta sa fili, kamfani ya sa jari, a gina benaye, a gyara tasha, a raba abin da aka samu. A gefen tashar Blackhorse Road, wurin ajiye motoci ne ya koma gidaje 350, rabinsu na rangwame. A Battersea, sababbin tashoshi biyu aka buɗe a 2021, kuma yawancin kuɗin daga masu gine-ginen unguwar da harajin kasuwancinta ake biyansa. Sai dai a nan ɗin ne, a 2017, kamfanin da ke gina gidajen ya ce lissafi bai fita ba, aka amince ya rage gidajen rangwame daga 636 zuwa 386. Wannan ya yi mini ciwo, don irinmu ne masu jiran su.

Shi ya sa muka koyi zuwa taron jin ra'ayin jama'a. Da an manna takarda a jikin turken fitila, wani zai ɗauki hotonta ya tura WhatsApp, mu haɗu a zauren unguwa mu tsaya gaban zanen. Matanmu sun fi mu naci. Su ne ke ƙirga gidaje masu ɗaki uku, don kamfani ya fi son mai ɗaki ɗaya da zai sayar da wuri, mu kuwa ga yara, ga baƙi daga gida. Su ne ke tambayar ko za a sa lifta a tasha saboda tsofaffi da keken jarirai. Tun ran gini tun ran zane, Kawu. In an sa hannu, magana ta ƙare.

Gidajen ba su da zaure balle tsakar gida, bikin suna ma sai mun kama hayar wuri. Wasu kan sayi kaso su biya hayar ragowar, masu gudun riba su bi ta bankin Musulunci.

To ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, da aka ƙaddamar da aikin gina shi a 2021, ya biyo ta Daura. Filayen gefen tasha za su yi tsada, kuma masu jari za su zo. Ba na ƙin zuwansu, don gwamnati ita kaɗai ba ta cika riƙon gini ba. Amma ina roƙo ku da dattawan unguwa ku tambaya tun yanzu: filin na wa ne, shekara nawa za a ba kamfani, rumfa nawa aka ware wa masu fura da masu shayi, kuma manoman da aka karɓi gonakinsu suna da kaso a rubuce?