Ciwon saman cibiya ya ƙi jin maganin olsa: ko ƙaba ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Ni ɗan dako ne a kasuwar Daura, shekaruna 44. Fiye da shekara ke nan ina fama da ciwo a saman cibiya, na sha maganin olsa har na gaji. Wani ma'aikacin lafiya ya ce ƙila ƙaba ce, in je a yi mini aiki, amma ni ban ga kumburi ba. Ta yaya ake tabbatarwa?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Kada a shiga da kai ɗakin tiyata a kan "ƙila".

Ƙaba rami ce a bangon ciki, inda kitse ko hanji ke leƙowa. Ta tsakanin cibiya da ƙahon zuciya sau da yawa ba ta wuce ƙwayar gyaɗa, kuma da ka kwanta takan koma ciki. Shi ya sa likita zai duba ka a tsaye, ya ɗora yatsa daidai inda ka nuna, ya ce ka yi tari ko ka yunƙura. In wani abu ya bugi yatsan, alama ce babba. Sannan ka kwanta rigingine, ya danna wurin, ka ɗago kai ba tare da dafa gado ba. Ciwon ya ƙaru? Matsalar a bangon ciki take. Ya ragu? Hankali ya koma kan tumbi, matsarmama ko hanji.

In hannu bai gano ba, sai hoton sikanin. A nan ake yawan kuskure: a kwantar da mutum, a duba hanta da ƙoda, a rubuta lafiya lau. Takardar likita ta faɗi cewa ƙaba ake nema, a duba bangon ciki kana yunƙuri, har da a tsaye. In shakka ta rage, hoton CT, wanda ke nuna cikin jiki dalla-dalla, ne na gaba. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina na da likitocin fiɗa da za su yanke wannan shawara.

Ko an ga ƙabar, a nemi ƙwayar cutar olsa a bayan gida, a duba tsakuwar matsarmama. Mutum na iya samun ƙaba tare da ɗaya daga cikinsu, a ɗinke ramin, ciwo na nan daram.

Kafin aiki za a auna yawan jini, suga da hawan jini. A magance tari, taurin bayan gida da wahalar fitsari, domin yunƙurinsu ke ɓalle ɗinki. Mai shan taba ya daina aƙalla mako 4 kafin ranar. Ka rage ɗaukar buhu tun yanzu.

Amma in kumburi ya fito ya yi tauri, ya ƙi komawa, ga amai, ga ciki ya ɗaure ba tusa ba bayan gida, hanji ya shaƙe ke nan, kuma hanjin yana iya mutuwa cikin 'yan awoyi. Kada a matsa shi da ƙarfi, kada ka ci komai. A garzaya da kai babban asibiti ko da tsakar dare ne.