Ɗan tsuntsun gawo da "kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi"

Wani ɗan'uwa daga Mirya ya aiko tambaya, ya ce Malam, akwai wani ɗan mitsitsin tsuntsu da nake gani cikin gawon gonarmu lokacin ɗari, ko shi ne tsada? Kuma wai mene ne "kuka" a cikin "kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi", tunda tsuntsu ba ya hawaye?

To ɗan'uwa, ka dubi bakinsa tukuna. Tsada bakinta gajere ne mai kauri don fasa ƙwayar ciyawa, kuma a ƙasa take kiwo cikin 'yan'uwanta. Wannan naka kuwa bakin siriri ne kamar tsinke, bayansa toka-toka da ɗan kore-kore wajen fiffike da gindin wutsiya, cikinsa fari fat, tsawonsa bai wuce santimita 11 ko 12 ba, nauyinsa ko giram 10 bai cika kaiwa ba, kuma ba ya zama wuri ɗaya, daga wannan reshe sai wancan yana leƙa ƙarƙashin ganye yana tsince ƙananan tsutsotsi da ƙwari. Ba ruwansa da hatsinka wallahi, ka hana yara harbinsa da danƙo. Masu Faransanci puyo suke ce masa.

Baƙo ne. A ƙasashe irin su Faransa da Sifen yake sheƙa ya ƙyanƙyashe, idan sanyinsu ya gabato ya tsallako Sahara ya sauka wajenmu. Me ya sa gawo? Ai kai ka sani, gawo da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi kore shar, to inda ganye yake nan ƙwari suke. Ni dai duk sanda na ga an sassare gawo nakan tuna shi, raina ya ɓaci.

Batun kuka kuma, Bahaushe na cewa kukan kura, kukan kurciya, kukan jaki, duk sautin da dabba ke fitarwa ne, hawaye bai shigo ciki ba. "Gidansu" kuwa asali ake nufi. Ana faɗin karin maganar idan mutum ya nuna halin da aka tashe shi a kai, mai kyau ko maras kyau, ko idan harshensa ya tona garinsu, kamar yadda Badamagare zai buɗe baki a kasuwar Kano nan take a ce daga Damagaram kake. Shi ma baƙon naka haka, masu nazarin tsuntsaye da kiransa suke rarrabe shi da danginsa masu kama da shi sak, tun kafin su hango shi cikin ganye. Kafin shamuwa ta iso ya riga ya koma.