Shekara bakwai ina ban ruwan ƙarya

Ka ce in nuna maka yadda ake gane dashen mangwaro mai aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan tushen wani, kafin a biya kuɗi. Da zancen haƙa rami ko zuba taki ka kawo min, da tuni na kora ka, wannan ko ɗan jiya ya sani. Amma ka fama min tsohon miki, sai ka zauna.

Lokacin ina ganin babu kamata a lambu, na je wurin wani mai rainon dashe na ɗauki guda 12. Ya rantse min duk irin mangwaron nan ne da ake kira Kent, da hannunsa ya yi musu aure. Kowanne da 'yar leda naɗe a kara, tsaf. Ban kwance ko ɗaya ba, wai kada ya ce ban yarda da shi ba. Na jera su a gefen filin da muke lambu tare da maƙwabta, mita 10 tsakani, na dinga jido musu ruwa da bokiti. Mai aure a shekara 3 zuwa 4 yake fara 'ya'ya. Ta huɗu ta wuce, sai tsawo suke kamar za su taɓo sama, in ban da guda biyu da suka yi huda. Na ce ko taki ne ya yi yawa, na rage. Sai a ta bakwai sauran goman suka haihu: 'yan mitsi-mitsi, ƙwallo ya cinye rabi, ka gatsa zare ya cika maka haƙori. Ashe ƙwallo kawai ya shuka, ya ɗan tsaga ɓawon da wuƙa ya naɗe. Kafin nan inuwarsu ta gama da tumatir da albasar da ke ƙarƙashi, har da na maƙwabcina, wanda ya daina amsa min gaisuwa. Da na koma wa mutumin, buɗar bakinsa sai cewa ya yi ƙasata ce ba ta da kyau. Ƙasata! Ni zai gaya wa ƙasa?

To, in ka je saye, kwance ledar a gaban mai dashen, in ya ji haushi ya sha ruwa. Aure na gaskiya za ka ga inda reshen sama ya shige cikin tsagar na ƙasa kamar an soka fegi, wurin ya ɗan kumbura, sau da yawa launin ɓawon sama da na ƙasa ma ba ɗaya ba. Na ƙarya tabo ne kawai a fata, karan ya miƙe santal daga tushe. Kar kuma wani ya ce maka ai ƙwallon Kent ya shuka, duk ɗaya ne. Irin wannan ba ya gadon uwarsa ta ƙwallo, abin da ya ga dama yake fitarwa.

In ka dasa, kar ka binne mahaɗar, kuma duk tohon da ya fito a ƙasanta ka cire shi yana ɗanye, in ba haka ba tushen zai rinjayi auren. Hudar farko ma ka tsinke ta, itacen ya yi ƙarfi tukuna. Na san ba za ka iya ba. Ku yaran yanzu, dashe bai kai ƙugu ba ya yi ɗa ɗaya, kun zaro waya kuna hoto, reshe na lanƙwashewa kuna murna. Tashi ka wasa min wuƙar nan, gobe da sassafe za ka yi aure biyar a gabana in ga hannunka.