Ruwan Garwa da wanda ke da bakin magana a kansa

Yaya, tambaya biyu ka haɗa mini a saƙo guda. Ka ce ka ji ana kukan ruwa a Garwa, nan arewacin Kamaru, alhali ga kogin Binuwai kwance a gefen gari. Sannan ka ɗora da cewa ko mu Hausawan nan muna iya ɗaga murya a gaban hukuma, tunda ƙasar ba tamu ba ce. Zan amsa maka duka, amma ka yi haƙuri, ta biyun ta tsaya mini a rai.

Kukan ruwa gaskiya ne. Daga Maris zuwa Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, famfo kan ɗauke a unguwanni da yawa, kuɗin jarka ya tashi, yara su kwana a layin burtsatse. Amma rashin ruwan bai kai dawowarsa ban tsoro ba. Bututun da suka tsufa sun bi ta cikin kwatami, idan ƙarfin ruwa ya faɗi sai ƙazantar waje ta samu hanyar shiga ta inda suka tsage. Shi ya sa duk matar da ta san kanta ba ta tarar ruwan farko a randa. A damina kuma matsalar rijiya ce. Gidaje sun matsu, masu ilimin lafiya suna cewa a bar kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai, to ina filin yake a tsohuwar unguwa? Ruwan sama ya sauka, ƙasa ta jiƙa, abin da ke ramin can ya gangaro ramin nan. Kwalarar 2010 da ta faro daga yankin Arewa Mai Nisa ta kashe ɗaruruwan mutane, a 2011 ta bazu kusan ko'ina a Kamaru. Tun daga nan ne ɗigon javel, wato bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, a ruwan sha da haɗa ruwan gishiri da sukari suka zama abin da kowace uwa ke koya wa 'yarta.

Ba duka laifin hukuma ba ne, wannan ina faɗa a gaban kowa. Gwamnati ta hana ledar nan mai shara-shara tun 2014, amma je ka duba magudanar bayan kasuwa. Jinin yanka da ruwan rini da na jima ma ba daga sama suke faɗowa ba, sana'o'in mutanenmu ne. Kai da ka san abin da Jakara ke ɗauka a tsakiyar Kano, ba sai na yi maka dogon bayani ba.

Yanzu batun bakin magana. Kakanmu, wanda kakarka ta yi ta kira ɗan'uwanta da ya ɓata a gabas, bai ɓata ba. Fatauci ya kawo shi tun zamanin Jamus, ya sauka a wurin Sarkin Hausawa, Lamido ya ba shi fili, ya haƙa rijiya da hannunsa. Mahaifina ya ga lokacin da jiragen ruwa ke hawowa Binuwai da damina su yi lodin auduga da gyaɗa a tashar Garwa. Kaburburan su biyun suna nan, ba su fi tafiyar ƙafa daga ɗakina ba. Katin zaɓena na nan ne, harajin rumfar mijina a nan ake karɓa. To wace ƙasa ce tawa idan ba wannan ba?

Abin da ku ke ɗauka shiru ne, hanya ce da ba ku saba da ita ba. Mu ba mu fara da rediyo ba. Idan burtsatse ya lalace ko ruwa ya sauya kala, jauro, wato mai unguwa, ake fara samu, shi ya kai wa lawan da ke sama da shi, in ta kama a kai fada. A gefe guda kuma a rubuta takarda da Faransanci, a sa hannu gida gida, a kai ofishin magajin gari, a tabbata an buga mata hatimi an dawo da kwafi. Kwafin nan shi ne makami. Tun 2010 doka ta ɗora wa ƙananan hukumomi haƙƙin rijiyoyi da burtsatse a wuraren da bututun kamfani bai kai ba, don haka mun san ƙofar da za mu buga. Shi kuwa ruwan famfo, daga 2008 zuwa 2018 rabonsa yana hannun wani kamfani da 'yan Maroko ke jagoranta, daga baya gwamnati ta karɓe abinta. Wahalar ita ce, idan ka je wannan ofis a ce maka na wancan ne, ka je wancan a ce ana jiran kuɗi daga Yawunde.

A unguwarmu an taɓa ba wani ɗan kwangila aikin burtsatse, ya zo ya kafa shi dab da bayan gidan makarantar allo, don nan ne motarsa ta iya shiga. An yi bikin buɗewa, an kafa allo da sunan aikin. Ba a daɗe ba yara suka fara ciwon ciki. Matan adashinmu ne suka tara kuɗi aka kai ruwan gwaji, suka riƙe takardar sakamakon, suka yi ta sintiri har aka rufe shi aka haƙa wani a can gaba. Wadda ta yi mana magana a gaban kansila kuwa matar ƙanena ce, Bafulatana, 'yar gidan lawan.

Na san a nan za ka ɗaga gira, domin kun daɗe kuna cewa mun narke cikin Fulani. I, mun yi auratayya. Mahaifiyata ma rabinta Bafulatana ce, a kasuwa Fillanci muke yi don shi ne harshen gari, 'ya'yana kuma a makaranta Faransanci suke karatu. Ƙaramin idan ya yi Hausa sai ka ji wata kalma ta shigo daga can, wannan yana damuna, ba zan ɓoye maka ba, kuma ina gyara masa. Amma a cikin gida Hausa ce. Da ita ake raɗa suna, da ita ake yi wa amarya faɗa, tuwon dare da miyar kuka bai taɓa yankewa ba. Kaka Allah ya jiƙanta, idan aka ɗebo ruwan kogi mai laka, sai ta daka 'ya'yan zogale ta zuba a tulu, ta ce a bar shi ya kwanta, tana yi tana ba mu labarin kasuwar Kurmi da ita kanta ba ta taɓa gani ba. Ku a Kano wane gida ne babu jinin Fulani, har gidan sarauta? Me ya sa naku gado ne, namu ɓata?

Akwai inda abin yake mana ciwo da gaske. Kafin 2020 shugaban ƙasa ne ke naɗa wanda zai riƙe babban birni kamar Garwa ko Marwa. Dokar Disamba 2019 ta mayar da kujerar ta zaɓe, kansiloli ke zaɓar magajin birni, wannan ci gaba ne. Sai dai dokar ta ce wajibi ya kasance ɗan asalin yankin. Da zarar an ambaci asali, sai Bahaushen da kakansa ya kwanta a nan ya ji ana kallonsa ta wutsiyar ido. A can ku ce mun zama Fulani, a nan wani ya ce mu 'yan Najeriya ne. Mun koyi zama da wannan, muna tsayar da kansilolinmu, muna zuwa zaman kasafin kuɗi mu ji nawa aka ware wa ruwa. Ba kullum ake saurarenmu ba, amma ba a hana mu shiga.

Maganar dam ɗin Lagdo da ka saƙala a ƙarshen saƙonka, cewa mu ne muke sakar muku ambaliya: 'yan Sin ne suka gina dam ɗin, aka gama a 1982, yana kan Binuwai kafin ruwan ya iso Garwa. Idan aka buɗe ƙofofinsa, gonakin mutanenmu ruwan yake fara ci kafin ya isa Yola, haka aka yi a 2012. Dam ɗin Dasin Hausa da aka ce Najeriya za ta gina a Adamawa don ya tare ruwan, har yau ba a kammala shi ba. Wannan tambayar taku ce, ku kai ta Abuja.

Idan Allah ya kawo ka bikin 'yata bayan sallah, ba sai ka ɗauko ruwan leda daga Kano ba kamar yadda ka ce. Randarmu a tace take, da javel a ciki. Ka gaida Hajiya da yara.