Tambaya da Amsa: Katafilata Tana Maƙalewa a Giya ta Biyu

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da katafila mai cokali da ke loda jar ƙasa a wani wurin haƙa a bayan garin Tahoua. Tun watan Afrilu, idan ta yi aikin awa biyu ko uku sai ta maƙale a giya ta biyu, allon gaban direba kuma ya nuna SPN 191 FMI 2. Idan aka kashe ta ta huce, sai ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba. Makanikinmu ya ce kaftar ɗin saurin buwat ne ya mutu, wato ƴar na'urar da ke auna saurin juyin akwatin giya. Na aika Yamai aka sayo sabo, bayan kwana huɗu matsalar ta dawo. Na sa aka kawo wani daga Kano, har yanzu jiya-i-yau. Yanzu ana ce mini in sauke buwat ɗin gaba ɗaya. Mene ne shawararka? Daga wani Alhaji mai kwangilar ƙasa, Tahoua.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya mayar da abin da aka kashe da alheri. Kada ka yarda a sauke buwat ɗin tukuna, kuma kada ka sayi kaftar na uku, domin lambar da ka turo ba ta ce kaftar ya mutu ba.

Lambar kashi biyu ce, bisa tsarin J1939 da yawancin manyan injinan zamani ke amfani da shi. SPN yana faɗin inda ƙwaƙwalwar injin ta ga matsala, kuma 191 na nufin saurin juyin sandar da ke fitar da ƙarfi daga buwat zuwa tayoyi. FMI kuwa yana faɗin irin matsalar, kuma shi ne makanikanmu da yawa ke tsallakewa, alhali a nan labarin yake. Da FMI 5 ne, da an ce layin ya yanke. Da 3 ko 4 ne, da an ce wutar layin ta yi sama ko ta faɗi ƙasa da ƙa'ida. Amma 2 na nufin saƙon yana zuwa, sai dai a hargitse, yana zuwa yana ɗaukewa. Ƙwaƙwalwar ba ta da idon ganin kaftar. Abin da ya iso mata ta waya shi kaɗai ta sani, saboda haka laifin na iya kasancewa ko'ina tsakanin bakin kaftar da ƙafar ƙwaƙwalwa. Da zarar ta daina amincewa da saurin da ake gaya mata, sai ta tsayar da injin a giya ɗaya don kada ta canza giya a makance ta ƙona kuloci. Masu injinan Caterpillar za su ga MID da CID, wato lambar ƙwaƙwalwa da lambar ɓangaren da ke da matsala, a maimakon SPN, amma ma'anar FMI ba ta canzawa.

Abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarka shi ne kwana huɗun nan. Da wuya a ce kaftar uku a jere duk sun lalace iri ɗaya, kuma a lokaci ɗaya na rana. Zatona shi ne, lokacin da makanikin ya cire mahaɗar wayar ya mayar, ƙafafunta sun goge juna, tsatsa da ƙura suka ɗan kau, aka samu sauƙi na ƴan kwanaki, sannan girgiza ta mayar da hannun agogo baya. Zafin Tahoua na Afrilu da Mayu, wanda ke wuce digiri 40 a inuwa, idan ya haɗu da zafin jikin buwat, yana busar da robar waya har ta tsage, kuma wayar da ta karye a cikin rigarta takan haɗu da sanyin safiya ta rabu da tsakar rana.

A fara da baturi da altaneta, domin injin mai volt 24 ya kamata ya nuna wajen 27 zuwa 28 idan yana aiki, kuma wuta mai rauni ko wayar ƙasa da ta saki suna haifar da lambobin da ba su da tushe. Daga nan a buɗe mahaɗar kaftar a duba ko akwai kore-kore a ƙafafun, ko mai ya shiga, ko wata ƙafa ta ja baya. Sai a ajiye cokali ƙasa, a ja birkin tsayuwa, a sa wa tayoyi waigi, a kuma kulle tsakiyar injin da sandar da aka tanada, sannan a bi wayar taƙi-taƙi ana lanƙwasa ta da hannu, wani kuma yana kallon mitar awon wuta. A yi wannan gwajin injin yana da zafi, domin da sanyi ba za a ga komai ba. Idan kaftar ɗin mai waya biyu ne, ana auna juriyarsa a kwatanta da abin da littafin injin ya faɗa. Idan mai waya uku ne, sai a tabbatar wutar da ƙwaƙwalwa ke ba shi tana isowa cikakkiya.

Akwai abu ɗaya da zai iya ba masu cewa a sauke buwat gaskiya. A zaro kaftar a dubi bakinsa, domin maganaɗisu ne. Ɗan laushin baƙin gari ba abin tsoro ba ne, a goge a mayar daidai tazarar da littafi ya ce. Amma idan aka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, ko man buwat ya yi baƙi yana warin ƙuna, sai a yanka matatar man a duba cikinta, a kuma auna ƙarfin matsin mai na kowane kuloci. Sakamakon wannan awon ne zai yanke hukuncin saukewa. Kaftar biyun da aka cire kuma a adana su, domin mai yiwuwa lafiyarsu ƙalau.

TAMBAYA: Injiniya, ni direban gireda ne a Yamai. Idan lamba ta fito nakan cire kan baturi na minti goma, sai ta ɓace. Akwai illa?

AMSA: Ɗan'uwa, fitilar kashedin ce kawai ta mutu, matsalar tana nan. Lamba iri biyu ce: wadda ke faruwa yanzu, da wadda ƙwaƙwalwa ta ajiye a tarihi, kuma a yawancin injina cire baturi ba ya share ta biyun, sai an haɗa kwamfuta. Illar ita ce kana ci gaba da aiki da injin da ya yi maka kashedi, kuma ranar da makaniki zai zo ba ka da abin gaya masa. Ka ajiye ɗan littafi a ɗakin tuƙi, duk lokacin da lamba ta fito ka rubuta ta dukanta har da FMI, da awar da ke kan allo, da giyar da kake ciki, da ko injin ya yi zafi. Idan rubutun zai ɓata maka lokaci, ka ɗauki hoton allon da wayarka kafin ka kashe makulli.